KADA MU JIRA SAI AN KAWO AKWATI: ME IKILISIYA KE AIKA WA 'YA'YANTA DA KE BAKIN DAGA?



Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, ƙasar nan takan tsaya ta tuna da sojojinta da suka riga mu gidan gaskiya. An zaɓi wannan rana domin a cikinta ne aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Kafin ranar akan yi sujada ta musamman a majami'u, 'yan mazan jiya su maƙala tsofaffin lambobinsu a ƙirji, manya su ajiye furanni, a busa ƙaho, kowa ya yi shiru na minti ɗaya. Babu mai cewa wannan laifi ne. Amma akwai tambayar da ba a cika jin ta daga kan bagadi ba, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami: sojan da yake da rai fa? Wanda a daren nan yake kwance cikin rami a Monguno ko Damboa ko Gwoza, sauro na cizonsa, safarsa ta yage tun watanni, wane ne a cikin ikilisiyarsa ya tuna da shi?

Ikilisiyoyinmu sun ƙware wajen jana'izar soja. Idan aka kawo akwati lulluɓe da tutar ƙasa, nan take za a kafa kwamiti, a ɗinka anko, a buga takardar tsarin sujada mai hoto, mawaƙa su kwana suna koyon sabuwar waƙa, a dafa abincin da zai ishi gari guda. Kuɗin da aka kashe a rana ɗaya domin gawarsa ya isa a aika masa sabulu da safa da garin kwaki na shekara biyu sa'ad da yake numfashi. Wannan ai ihu ne bayan hari, kuma lokaci ya yi da za a faɗa wa shugabannin ikilisiya haka ba tare da kwana-kwana ba.

'YA'YAN WA KE CAN?

Kada wani ya ce zancen soja bai shafe mu ba. Ku shiga kowace bataliya ku saurari sunaye da harsuna: za ku ji 'ya'yan Langtang, Zuru, Numan, Biliri, Kaltungo, Takum, Michika, Zangon Kataf da sauran garuruwanmu. Kakanninmu suna cikin rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Iyayenmu suka shiga Laberiya da ECOMOG a 1990, daga nan Saliyo, ƙannensu kuma suka tafi Darfur tun daga 2004. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, aka kuma kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a wannan shekarar, samarinmu ke ta kwarara arewa maso gabas. Sunan aikin ya canja, ya zama Lafiya Dole a 2015, ya koma Haɗin Kai a 2021, amma ramin bai canja ba, zafin rana bai ragu ba.

Mukan yi alfahari da manyan hafsoshin da muka haifa, irin su Janar Domkat Bali da Janar Joe Garba, har ana kiran Langtang garin janar-janar. Madalla. Sai dai janar ba ya bukatar ƙunshinmu. Wanda ke bukata shi ne farabiti da kofur, yaron da shekaranjiya yake buga ganga a ƙungiyar matasa, wanda aka yi masa baftisma a gabanmu, yau kuma sunansa ma ya ɓace daga littafin ikilisiya domin ba ya nan ranar baiko.

KALANDA BA TA MAGANIN SANYI

Akwai ikilisiyoyin da za su ce, “Ai mu muna aikawa.” To, me ake aikawa? Ragowar kalandar bara mai hoton Rabaran da matarsa. Rigar bikin cika shekara hamsin da ba a sayar ba. Kofin tangaran na tunawa da babban taro, wanda zai fashe kafin a kai Potiskum. Tsofaffin littattafan da babu mai karantawa a ɗakin ajiya. Sai a tara su gaban majami'a, a kira mai hoto, shugabanni su jera su ɗora hannu a kan kwali, a sa a Facebook. Jama'a, wannan share ɗakin ajiya ne da sunan alheri. Kyautar da aka shirya domin mai bayarwa ya fito a hoto, shi ya ci moriyarta, sojan kuwa an ƙara masa kaya ne kawai.

Ku dubi yadda wasu suka yi tun fiye da shekara ɗari. A 1914, Gimbiya Mary ta Ingila, tana 'yar shekara 17, ta roƙi jama'a su tara kuɗi domin kowane soja ya sami kyautar Kirsimeti cikin ƙaramin gwangwanin tagulla. Masu shirya abin ba su zuba abu iri ɗaya wa kowa ba. Mai shan taba ya sami taba, wanda ba ya sha ya sami alewa da kayan rubuta wasiƙa, sojojin Indiya mabiya addinin Sikh, waɗanda addininsu ya hana taba, aka ba su sukari da kayan yaji, ma'aikatan jinya mata kuma aka ba su cakulan. Wato sun fara tambayar wane ne zai buɗe gwangwanin kafin su cika shi. Wannan tambayar ce kwamitocinmu suke tsallakewa.

DARASIN YESSE

Ba sai mun je Ingila ba ma. Kowane ɗan makarantar Lahadi ya san labarin Dawuda da Goliyat a Littafin Sama'ila na Fari, sura 17, amma kaɗan ne ke lura da abin da ya kai Dawuda fagen fama. Ba yaƙi ya je yi ba, aike ya kai. Tsohonsa Yesse yana da 'ya'ya uku cikin rundunar Sarki Saul, sai ya haɗa musu soyayyen hatsi da burodi goma, ya ƙara cuku goma domin shugaban ƙungiyarsu, ya umarci yaron ya duba lafiyarsu ya kuma komo masa da labari.

Tsohon nan mai tsoron Allah ne, babu shakka yana yi wa 'ya'yansa addu'a, amma bai tsaya nan ba. Ya zaɓi abincin da ke jure hanya. Ya sa rabon wanda ba ɗansa ba. Ya ba da saƙon a hannun wanda ya amince da shi. Ya kuma nemi a dawo masa da amsa. Waɗannan abubuwa huɗu su ne dukan ilimin haɗa ƙunshin soja, har wa yau babu abin da aka ƙara a kansu.

ABIN DA YA KAMATA YA SHIGA

A fara da sanin ƙasar da yake. A Borno zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Da hunturu, a Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyin da ke shiga ƙashi, ƙura ta tsattsage leɓe da diddige. Da damina kuwa, baƙar ƙasar wajen Dikwa da Marte da Ngala takan zama taɓo mai kama ƙafa, sauron bakin Tafkin Chadi kuma ba ya jin kora. Ƙunshin Kirsimeti da na Ista da na damina bai kamata su zama iri ɗaya ba.

Na farko, ƙafa. Mutumin da ke kwana da takalmi a ƙafa, wani lokaci kwanaki a jere, safa ta fi masa sabuwar riga daraja. Jiƙaƙƙiyar safa ce ke kawo ƙaiƙayi da tsagewa tsakanin yatsu, har ƙafa ta fara ruɓewa. A sa safa mai kauri baƙa ko koriya, aƙalla ƙafa uku, da hodar ƙafa, da silifas na roba domin ƙafar ta sha iska sa'ad da ya sami hutu. A ƙara singileti da gajeren wando na ciki. Idan lokacin sanyi ne, a sa hular sanyi da safar hannu masu duhun launi.

Na biyu, tsabta. Sabulun wanka, sabulun wanki, buroshi da man goge baki ko asuwaki, reza, abin yanke farce, allura da baƙin zare, man kaɗanya ko basilin domin hunturu. Akwai 'yan matanmu ma cikin kaki. Idan mace ce za ta karɓa, Zumuntar Mata ta san abin da za ta sa, kada kunya ta hana a sa audugar mata.

Na uku, abinci mai jure hanya. Garin kwaki da sukari da madarar gari, waɗanda ruwa kawai suke bukata. Ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dakuwa, dabino, aya, kantun riɗi. Kilishi da dambun nama da aka soya suka bushe ƙayau, domin mai sauran danshi zai yi funfuna a hanya. Ganyen shayi da busasshiyar citta. Sa'an nan yaji da daddawa da garin kuka. Kada a raina yaji! Mutumin da ya yi wata shida yana cin shinkafa da wake daga tukunyar da aka dafa wa mutum ɗari, ƙullin yajin da uwarsa ta daka da hannunta yana mayar da shi gida na ɗan lokaci. Zuma kuwa a zuba ta cikin gorar roba mai murfi, a naɗe da leda biyu.

Na huɗu, lafiya. Gidan sauro mai magani, man shafawa na korar sauro, da ƙunshin gishiri da sukari irin na kemis da ake damawa a ruwa idan gudawa ta kama mutum ko zufa ta ƙarar da shi. A tsaya a nan. Sauran magunguna aikin likitan bataliya ne.

Na biyar, haske da magana. Ƙaramar tocila da batir, batirin ajiye caji da ake kira fawa bank, in da hali mai cika da hasken rana, da katin waya. A wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, minti biyar na jin muryar ɗansa ya fi wa soja tuwon sallar Kirsimeti.

Na ƙarshe, wanda ba a saye a kasuwa: wasiƙa da hannu. A rubuta masa labarin gida filla-filla, wa ya yi aure, wa ta haihu, yaya gero da acca suka yi bana, an gama rufin majami'a ko ba a gama ba. 'Yan makarantar Lahadi su yi zane su sa sunayensu. A sa hoton iyalinsa na kwanan nan. Ƙaramin Sabon Alkawari mai shiga aljihu, cikin harshen da ya fi ji, ya fi katon littafi mai bangon fata da ba shi da inda zai ajiye. Amma wasiƙar kada ta zama jerin roƙo, “ka aiko da kuɗin makaranta, ka aiko da kuɗin taki.” Ya san da waɗannan, su ne ke hana shi barci.

ABIN DA BAI KAMATA YA SHIGA BA

Kada a sa giya kowace iri, ko an ɓoye ta cikin gorar lemo. Kada a sa tiramadol ko maganin tari mai bugarwa ko wani ƙwayar “ƙarin ƙarfi”, ko da shi ya roƙa ta waya. Mai riƙe da bindiga cike da harsashi yana bukatar hankalinsa duka, kuma za a iya hukunta shi saboda abin da ɗan'uwansa ya aiko. Kada a sa kwalba, ko dafaffen abinci irin alala da soyayyar kaza, ko turare mai ƙarfi, ko kaya masu ƙyalli da fari fat. Kada a saya masa kakin soja a kasuwa. Kada kwalin ya fi abin da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya, domin a bayan motar da ke cike da mutane da kayan yaƙi za a cusa shi.

Sa'an nan a kama baki. Wanda ya tashi lokacin shaida ya ce, “Ku yi wa ɗana addu'a, gobe za a kwashe su daga wuri kaza zuwa wuri kaza,” ko ya sa hoton yaron da sunan sansaninsa a intanet, ya sani ba masu addu'a kaɗai ke sauraro ba. A ambaci sunansa gaban Allah, a bar sunan sansaninsa a ciki.

MASU CEWA A'A

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa a taron dattawa.

Wasu za su ce, “Aikin gwamnati ne.” Gaskiya ne, kuma ƙunshinmu ba zai wanke ta ba. Ba mu manta ba cewa a watan Mayu na 2014 sojoji suka harbi motar kwamandansu a barikin Maimalari bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu, kotun soja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa, ta kuma yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci a Disamba na shekarar saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su isassun makamai ba, kafin a sassauta hukuncin zuwa ɗauri a 2015. Ba mu manta ba cewa a Agusta 2018 sojoji suka yi bore a filin jirgin saman Maiduguri, suna kukan sun shekara da shekaru a bakin daga ba a canja su ba. Makami da alawus da hutu hakkinsu ne a wuyan gwamnati, kuma ya kamata shugabanninmu su riƙa faɗin haka da ƙarfi duk lokacin da suka sami shiga fadar gwamna. Amma yaushe gwamnati ta taɓa daka wa wani yaji? Saul yana da rumbun sarki, duk da haka Yesse ya aika nasa. Ikilisiyar da ta san sunayen sojojinta da halin da suke ciki ita ce ma za ta iya buɗe baki ta yi musu magana.

Wasu za su ce, “Addu'a ta isa.” Manzo Yakubu ya riga ya amsa wannan a sura ta biyu ta wasiƙarsa, inda ya nuna rashin amfanin sallamar mai jin yunwa da sanyi da fatan alheri kawai. Wanda ya gaskata addu'a ta isa, ya gwada ta a kan albashin Fasto na wata uku mu gani.

Akwai kuma masu magana da ciwo a zuciya: “Sojan da bai zo ba ranar da aka ƙone ƙauyenmu, shi za mu aika wa kilishi?” Wannan ba maganar da za a share ba ce. Mutanen Zaki Biam ba su manta da Oktoba 2001 ba, sa'ad da sojoji suka kashe farar hula masu yawa bayan an kashe musu mutum 19, kuma akwai ƙauyuka da yawa da suka kira har muryarsu ta dushe ba wanda ya zo. A nemi gaskiya, a nemi shari'a, kada a gaji. Sai dai farabitin da ke Damboa ba shi ke ba da umarni ba, kuma sau da yawa ƙauyen da aka ƙone nasa ne, ta waya ya ji labari, ba a ba shi izinin zuwa jana'izar mahaifiyarsa ba. Matashin da ya ga mutuwa kullum, ya kuma tabbata ba wanda ya damu da shi a gida, shi ne zuciyarsa ke bushewa. Wanda ya san akwai tsofaffin mata da suka san sunansa, suna jiran ya dawo ya dubi idonsu, yana da dalilin riƙe mutuncinsa da na farar hular da ke gabansa.

Na ƙarshe su ne masu cewa, “To, a aika wa namu kaɗai.” Duk wanda ya san zaman sansani ya san ba mai buɗe kwali ya ci shi kaɗai. Wanda ke gadi sa'ad da ɗanka ke barci, mai yiwuwa Musulmi ne daga Gumel ko Argungu, kuma shi ne zai ɗauko shi a kafaɗa idan harsashi ya same shi. Saboda haka a haɗa ƙunshin yadda kowa zai sa hannu: nama daga mahaucin da kowa ya yarda da yankansa, ba naman alade, ba na kare. In ƙunshin zai isa cikin watan azumi, a ƙara dabino. Cuku goman Yesse ke nan. Mu da muka san ɗacin wariya a garuruwan da muke 'yan tsiraru, kada a same mu muna auna safa da ma'aunin addini.

YADDA ZA A FARA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta da nauyi. Sakataren ikilisiya ya buɗe littafi ya rubuta sunan kowane soja, ɗan sanda da ma'aikacin tsaro na ikilisiyar da ke bakin aiki nesa da gida, littafin ya zauna a hannun mutum biyu kawai. A tambayi matarsa ko iyayensa abin da ya fi bukata. Zumuntar Mata ta ɗauki abinci, matasa su ɗauki wasiƙu da ɗaurin kaya, Zumuntar Maza ta ɗauki kuɗin mota da katin waya. A riƙa aikawa sau uku ko huɗu a shekara, domin ƙaramin ƙunshi mai zuwa a kan kari ya fi babban kwali sau ɗaya da ba a sake ba.

Wajen isarwa, a bi ta hannun faston bariki, gama rundunar soja tana da sashen limaman Furotesta da na Katolika da na Musulunci, ko ta ƙungiyoyin matan sojoji, ko abokin aikinsa da ya zo hutu zai koma. A rubuta jerin abin da ke ciki a manna a kan kwalin domin masu bincike a hanya, a ajiye kwafi, a kuma nemi ya sanar idan ya karɓa. Kada a manta rabin ƙunshin yana gida: matarsa da ke bariki ko ƙauye da yara, wadda gabanta ke faɗuwa duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira. Mudun masara da ziyarar dattijuwa guda a wata, saƙo ne da zai kai masa kafin kwali ya kai.

Dattawa da shugabannin zumunta, a taronku na gaba, kafin a shiga zancen fentin majami'a da sabuwar motar Rabaran, wani ya tashi ya tambaya: 'ya'yanmu nawa ne ke bakin daga, kuma yaushe rabon da su ji daga gare mu? Idan ba wanda ya iya amsawa, to an sami abu na farko a ajanda.

Ubangiji ya tsare su, ya komo da su gida lafiya, ya kuma ba mu kunnen ji. Amin.